Wai meye aikin sashen likitancin iyali a jami'a? Amsa ga wani ɗalibin likita a Gombe

Wani ɗalibin likita da ke aji biyar a nan Gombe ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Dakta barka da aiki. An kai mu fostin a famili medisin (sashen likitancin iyali), kullum ina zaune a GOPD (inda ake fara duba marasa lafiya da ba a kwantar ba), wallahi ban ga abin da ake yi ba sai rubuta maganin maleriya da tura mutane gaba. Ƙasar da ba ta da isassun likitocin tiyata da na ƙoda da na zuciya, me zai sa jami'a ta ɓata kuɗi da lokaci a kan wannan sashen? Kuma ba ni kaɗai ba ne, yawancin 'yan ajinmu haka suke gani."

Toh ƙanina, abin da ka gani ba ƙarya ba ne, kuma ba zan tsaya kare sana'ata da abin da idonka ya ƙaryata ba. GOPD da safe a kowane asibitin koyarwa a ƙasar nan haka yake, benci cike, wasu a tsaye, wasu sun shimfiɗa zani a baranda, ana ta kiran kati, likita ɗaya da tulin fayil a gabansa ba shi da cikakken minti goma da zai ba mutum ɗaya. In iya abin da aka nuna maka ke nan kana da hujjar yin tambaya. Amma bari ni ma in tambaye ka, in Allah ya sa ka gama, ka yi shekararka ta sanin makamar aiki, ka yi bautar ƙasa, ina kake tsammanin za a kai ka? Gombe ƙananan hukumomi 11 gare ta, Bauchi 20, asibitocin koyarwa kuwa a jihohin biyu yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirgawa har da saura. Da yawanku babban asibitin ƙaramar hukuma za a tura ku, Dukku ko Nafada ko Bajoga ko Billiri, inda wataƙila ku biyu ne likitoci, wataƙila ma kai kaɗai, kuma duk abin da ya shigo ta ƙofar nan naka ne, yaro ne, tsohuwa ce, mai naƙuda ce, ɗan acaɓa ne da ya karye. Sashen da aka ɗora wa shirya ka don wannan wurin shi ne wanda kake rainawa yanzu.

A 1961 wani likita mai suna Kerr White da abokan aikinsa sun fitar da wani lissafi da har yau ake koyarwa, daga alƙaluman Amurka da Birtaniya suka haɗa shi. Suka ce in ka ɗauki manya 1,000 ka bi su wata guda, wajen 750 za su ji wani ciwo ko rauni, wajen 250 za su je ganin likita, 9 za a ba gado, 1 kacal zai kai asibitin jami'a. Lissafin ƙasashen masu hali ne, a wajenmu yawancin waɗannan 250 ɗin ma kemis za su nufa ko wajen mai maganin gargajiya ko malamin asibitin unguwa, amma hoton ɗaya ne. Kai kuma shekarunka na asibiti kusan duk a kan wannan mutum ɗayan ake koya maka aiki. Kuma kafin ya iso gadon da kuke zagayewa da safe, wani ya riga ya sa masa suna. Ka shiga ɗakin masu ciwon ƙoda ka san ƙoda za ka tarar, ka shiga na masu ciwon zuciya ka san zuciya ce. A bakin ƙofa ba wanda ke zuwa da suna a goshinsa. Cewa zai yi, likita jikina ne ba daɗi.

Ɗauki misalin da kusan kullum sai mun ga irinsa. Mace 'yar shekara arba'in da wani abu, ta shigo da baƙar leda a hannu. Me ke damun ki Hajiya? Kaina ke sarawa, jikina duk ciwo, zuciyata na bugawa, wani abu na min yawo a jiki, ƙirjina na zafi. Ka ce ta juye ledar a kan tebur. Sai ka ga kwalin maganin maleriya kala biyu, sifuro, amoksilin, omefirazol na olsa, dikulofenak da take sha safe da yamma, da takardun gwajin Widal daga lab daban-daban, kowace an rubuta mata taifod. Wata shida tana wannan zagayen. Shi gwajin Widal ɗin nan a ƙasa irin tamu mutum lafiyarsa ƙalau ma yana iya nunawa, amma ya zama abin cin abincin wasu, wannan zance ne na wata rana. Ka ɗaura mata abin awon jini ka ga 170 bisa 100, ka bari ta huta ka sake, yana nan. Ba wanda ya taɓa auna ta a duk inda ta je, ga dikulofenak da ke ƙara hawan jinin yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Likitan da ke sauri nan zai tsaya, ya rubuta amlodifin na hawan jini ya kira na gaba, kuma bai yi laifi ba. Wanda aka horar a sashenmu zai ajiye biro ya ce, Hajiya kina samun barci kuwa? Su wa da wa ke gidan? Sai ta yi shiru, sai ta ja bakin mayafi ta fara share ido. Maigidan ya yi ritaya kuɗin sallama bai fito ba, babban ɗanta ya faɗa shaye-shaye, ita ke tuya da safe tana ciyar da mutum tara, rabon da ta yi barcin kirki ta manta. Yanzu gaya min, wannan matar ta wane sashe ce? Ka tura ta wajen likitan zuciya ya daidaita jinin ya sallame ta. Ka tura ta wajen likitan ciki ya ce a zura mata kyamara, kuɗin da ba ta da shi. Ka ce ta je ɓangaren masu taɓin hankali, wallahi ba za ta je ba, za ta ce ka mayar da ita mahaukaciya, kuma ba za ka sake ganin ta ba. Tana buƙatar mutum ɗaya da zai riƙe hawan jinin da ciwon damuwar tare, ya raba ta da ledar nan, ya ce ta dawo bayan sati biyu wajensa shi ɗin dai, in da hali ta zo da yaron.

Kaga wannan ba rahama ba ce kawai ko kyawun hali, fanni ne da ake koyarwa ana jarrabawa a kai: yadda za ka yi aiki da ciwon da bai gama bayyana ba, yadda za ka zaɓi gwaji ɗaya da zai sauya shawararka maimakon ka cika takarda da gwaji goma, yaushe za ka ce a jira kwana uku a gani, yaushe za ka ce yanzu-yanzu a tafi. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita, duk gwajin da ka rubuta ba gaira ba dalili wani buhun masara ne aka fitar kasuwa. Kuma ita tura mutane gaba da kake yi wa dariya, sanin wanda za a tura da wanda za a riƙe shi ne rabin aikin.

Ka duba zazzaɓi ma. Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya, shi ya sa kowa ya ji jikinsa da zafi sai ya ce maleriya ce, har ma'aikatan lafiya. Ƙa'idar ƙasa kuwa ita ce a gwada kafin a ba da magani. Amma a cikin wannan tulin zazzaɓin akwai wanda ba maleriya ba ne, kuma mu nan yankin mun san Lassa, Bauchi na cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa da ita kusan kowace shekara tare da Ondo da Edo da Taraba, musamman da rani. Mai Lassa ba ya zuwa yana zubar da jini a rana ta farko, da yawa ma ba sa zubarwa sam. Zuwa yake da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kasala, ya sha maganin maleriya kwana uku bai ji sauƙi ba. Maganin da ake ba su, ribabirin, ya fi amfani in an fara da wuri. Wa zai fara taɓa shi? Ba farfesan cututtuka masu yaɗuwa ba ne, wanda ke zaune a ɗakin nan da kake jin barci a ciki ne. In ya yi tunanin Lassa ya ceci mutumin ya ceci nas-nas da 'yan lab da masu shara, in bai yi ba an ba shi gado a tsakiyar mutane, kuma mun sha rasa ma'aikatan lafiya a ƙasar nan ta wannan hanyar.

Sai dai inda nake so ka buɗe kunne da kyau shi ne nan. Likitan iyali a Ingila da likitan iyali a Gombe ba aiki ɗaya suke ba, kuma duk sashen da ya kwafo tsarin Ingila ya manna a nan ya yi asarar lokacinsa. Can yana zaune a ofis, motar asibiti na zuwa in an kira, babban asibiti na kusa. Nan kuwa ƙarfe biyun dare ne, an kawo yarinya daga ƙauye a bayan mota, kwana biyu tana naƙuda a gida, kan ɗa ya ƙi saukowa, cikin ya yi tauri, bugun zuciyar jaririn na raguwa. Ba wuta, an tafi taso mai janareta. Kai ne, da nas mai ba da allurar barci, da ungozoma, da ƙanin mijin da aka kwantar ana ɗibar jininsa a leda. In ka rubuta takarda ka ce a wuce Gombe, sai an nemo kuɗin mai, sai an nemo direba, ga hanya, ga damina, mahaifar na iya fashewa kafin su isa. Dole ka iya CS, wato tiyatar ciro jariri, da hannunka, ka iya tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ka san yadda ake ba mai jijjiga magnesiyam salfet ba ka buɗe littafi ba. Washegari da safe kai ne za ka yi wa tsoho aikin ƙaba, ka cire afendis, ka ɗauki ruwan baya a yaron da ake zargin sanƙarau, ka ƙara wa mai sikila jini, ka duba yara masu tamowa. In a kudancin jihar kake, wajen Kaltungo da Billiri da Balanga, lokacin noma da girbi ga saran kububuwa, ka ɗibi jini ka zuba a busasshiyar kwalbar gilas mai tsabta ka ajiye minti 20, in ka karkata ta ka ga bai daskare ba dafi ya shiga, a nemo maganin dafi ko a garzaya asibitin saran maciji na Kaltungo. A 2015 wani kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet ya ce ma'aunin asibitin da ya amsa sunansa shi ne mutum ya samu ayyuka uku cikin awa biyu: CS, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya fito waje. Yaushe za mu samu likitan mata da likitan tiyata da likitan ƙashi da likitan yara a kowace ƙaramar hukuma? Ba a zamanin aikina ba, ina jin ba a naka ba ma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000, kuma kowa ya san mu Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma ne ke jan adadin sama.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fannin nan a Najeriya daga irin waɗannan asibitocin ya taso, ba daga jami'a ba. An kafa kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa a 1979, ta Afirka ta Yamma kuma ta likitocin da ba na tiyata ba a 1976, kuma da aka fara horon a farkon shekarun 1980 asibitocin mishan ne suka ɗauki kaso mai yawa, irin su Evangel na Jos da asibitin Baptist na Ogbomoso, inda likita ɗaya ke duba marasa lafiya da safe ya shiga tiyata da rana ya karɓi haihuwa da dare. Mun riga ƙasashen Afirka da yawa. Kenya sai 2005 ta fara a jami'ar Moi, Afirka ta Kudu sai 2007 ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa, Habasha sai 2013. Wanda ya shiga horon yau sai ya ci jarrabawar share fage, ya zagaya ɓangaren yara, mata da haihuwa, tiyata, cututtukan manya, ƙwaƙwalwa, ido, kunne da hanci da maƙogwaro, ya ci jarrabawar kashi na ɗaya, ya yi bincike ya rubuta kundi, ya ci ta kashi na biyu. Aƙalla shekara huɗu, sau da yawa ya wuce haka, daidai da sauran ƙwararru. Don haka wanda ka gani yana rubuta maganin maleriya ba wai ya kasa samun gurbi a tiyata ba ne.

Ga damuwata ni kuma, tunda gaskiya muke faɗa. Da horon ya koma manyan asibitocin koyarwa an samu ɗakin karatu da farfesoshi da albashi, amma hannu ya ragu. Ɗalibinmu in ya je zagaye ɓangaren tiyata ko na mata, masu neman ƙwarewa na wannan sashen su ne a gaba, su ma suna neman cike littafin ayyukansu, shi sai dai ya riƙe ƙarfen buɗe ciki yana leƙe. Ya gama ya karɓi takarda amma in aka ajiye shi shi kaɗai a asibitin karkara gabansa faɗuwa yake. Shi ya sa a ganina sashen likitancin iyali da ba shi da asibitin ƙaramar hukuma da ya riƙe a matsayin wurin koyarwa, inda malamansa ke zuwa su kwana su yi aiki, ba su leƙa sau ɗaya a wata su sa hannu a rajista ba, to bai cika sashe ba tukuna. Wannan shi ne babban abin da jami'a za ta iya yi wanda ma'aikatar lafiya ita kaɗai ba za ta iya ba: ta kai malami da ɗalibi da ɗan bincike wuri ɗaya a karkara. Kuma asibitin da ake koyarwa a cikinsa gyaruwa yake ko ba a so, don ɗalibai tambaya gare su, ba za ka iya barin fayil ba rubutu ba. An kuma daɗe da lura a ƙasashe da dama cewa wanda ya tashi a karkara ko aka horar da shi a can ya fi yarda ya zauna a can.

Sai maganar ƙananan asibitoci. Tun taron Alma-Ata na 1978 ake cewa lafiya a matakin farko ita ce ginshiƙi, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗauki abin da gaske lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka kafa hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, a 1992, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF. Jihar Gombe mazaɓu 114 gare ta kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Wa ke cikin waɗannan asibitocin? Malaman asibiti ne, su ma'aikatan lafiyar al'umma da ake kira CHEW da CHO, da ungozomomi, yaran da suka fito daga makarantun kiwon lafiya irin na Kaltungo da Ningi, kuma su ne ke riƙe da lafiyar talaka a zahiri, duk likitan da ya raina su bai san ƙasar ba. Ba za mu iya ajiye likita a kowace mazaɓa ba, kuma ba ma buƙata. Abin da ake buƙata shi ne likita ɗaya a babban asibitin ƙaramar hukuma da ya san su da sunansu, suna da lambarsa, yana zagaya su, ya zauna da malamin asibiti su duba marasa lafiya tare, ya gyara masa yadda yake awon jini, in sun turo mai ciki ya mayar musu da takarda ya ce ga abin da muka samu ga abin da za ku ci gaba da yi. Yanzu takardar turawa hanya ɗaya take bi, ta tafi ba ta dawowa, malamin da ya turo mutum sai dai ya ji labari a wajen ta'aziyya ko wajen suna. Koyar da likita yadda zai jagoranci irin wannan tawagar ba tare da girman kai ba aikin sashenmu ne, ba na jin akwai wani sashe da ke koyar da shi a gaban marar lafiya. Kar ka haɗa mu da sashen lafiyar al'umma, su jama'a suke kallo gaba ɗaya, rigakafi, annoba, ruwan sha, alƙaluma. Mu mutum ɗaya muke dubawa, amma muna sane da gidan da ya fito da unguwar da zai koma. 'Yan uwan juna ne, ba abu ɗaya ba ne.

Inshora ma haka. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, a nan jihar ga hukumar inshorar lafiya ta GoHealth. Tsarin duk a kan likitan farko ya dogara, ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum da ya yi rajista, shi zai yi maganin abin da zai iya, ya tura sauran. In na ƙofar nan bai ƙware ba, ko dai ya tura kowa asusun ya ƙare, ko ya riƙe wanda bai kamata ba mutum ya mutu.

Kuma kar ka ɗauka maganar iyali ado ce. A nan wa ke yanke shawarar a kai mace asibiti? Sau da yawa maigida ne, in ba ya nan sai an jira shi ko an samu ƙaninsa, wani gidan kuma uwar miji ce mai magana ta ƙarshe. Ka gaya wa mai hawan jini ya rage gishiri da magi alhali tukunya ɗaya ake dafa wa mutum ashirin, in ba ka yi magana da mai girkin ba iska ka yi wa magana. Mai ciwon suga azumi ya zo, ba zai tambaye ka ba don yana tsoron ka hana shi, sai ya ci gaba da shan gilibenkilamaid da asuba, la'asar ta yi sugan ya faɗi a kwaso shi. Kai ya kamata ka tayar da zancen tun Sha'aban, ku sauya lokacin magani, ka gaya masa alamomin da in ya ji dole ya karya, wanda kuma jikinsa ba zai ɗauka ba ka gaya masa gaskiya, addini ma ya ba shi rangwame. Saurayi da budurwa duk AS, wato suna iya haifar mai sikila, an riga an kai kuɗin gaisuwa, sun zo da takardar gwaji suna cewa ai ɗaya cikin huɗu ne, za mu haifi uku mu tsaya. Sai ka zauna ka fahimtar da su cewa kowane ciki lissafinsa daban, kowane ɗaya yana da wannan kashi ɗaya cikin huɗun, ana iya jera masu sikila uku. Wani lokacin har iyayen sai ka kira. Ga wanda ke haɗa maganinka da jiƙo da rubutu ba zai faɗa ba sai in ya ga ba za ka yi masa tsawa ba. Ga tsohon da cutar daji ta ci ƙarfinsa, asibiti ba abin da za ta ƙara masa, 'ya'yan na shirin sayar da gona su kai shi Masar, wa zai zaunar da su ya gaya musu a mayar da shi gida a rage masa zafin ciwo? Duk wannan sai in mutum na ganin likita ɗaya ko tawaga ɗaya a kai a kai. A yawancin GOPD ɗinmu kuwa yau wannan gobe wancan, kowane zuwa sai ka sake ba da labari daga farko, wannan gazawarmu ce kuma ba sai an kashe kuɗi mai yawa za a gyara ta ba, raba marasa lafiya tawaga-tawaga ne da ba da ranar dawowa.

Bincike kuwa ba zan ja shi ba. Tambayoyin da suka dame mu ƙanana ne a ido, kamar me ya sa mai hawan jini ke daina shan magani da zarar kai ya daina ciwo, ko cikin masu zazzaɓin da gwaji ya nuna ba maleriya mene ne ke damun su, ko tunatarwa ta waya na sa mata su dawo awo. Ba wanda zai zo daga Landan ya amsa mana su. Kundayen da masu neman ƙwarewa ke rubutawa da yawa irin waɗannan ne, amma suna can a kanta ƙura ta rufe su, kwamishinan lafiya bai taɓa jin labarinsu ba, kuma laifinmu ne mu malaman, mun fi damuwa da takardar da za ta kai mu farfesa.

Toh maganar kuɗi da ka kawo. Ba na jayayya muna buƙatar likitocin ƙoda da na zuciya, ni ma ina tura musu mutane kuma ina gode Allah da suke nan. Amma je ka ɗakin wankin ƙoda ka tambayi mutanen da ke kwance me ya kawo su, da yawa hawan jini ne ko suga da aka yi shekaru ba a gano ba ko ba a riƙe da kyau ba, wasu kuma magungunan ciwon jiki da jiƙe-jiƙe. Kuɗin wanki ɗaya zai sayi amlodifin na watanni masu yawa, kuma wankin nan sau biyu ko uku ake so a sati. Ko ka ninka likitocin ƙoda sau goma layin ba zai ragu ba in ba mai tare mutane tun daga ƙofa. Inda zan ba ku gaskiya kai da 'yan ajinku shi ne, shugabannin asibitoci da yawa suna kallon sashen a matsayin wurin rage cunkoso da tara kuɗin kati, sai a jibge mana layi har koyarwa ta gagara, ɗalibi ya zo ya zauna a kusurwa ba mai ce masa komai. A wasu jami'o'in ma 'yan makonni ake ba fannin a duk shekara shida. Ga kuma tafiya waje, likitan iyali na cikin waɗanda Saudiyya da Kanada da Birtaniya ke nema ruwa a jallo, ka horar da mutum shekara biyar ya gama ranar Alhamis, Litinin yana filin jirgi, kuma ba na zagin kowa, na san albashin na san kuɗin makarantar yara. Wanda ya zauna ma gwamnatocin jihohi ba su cika tanadar masa matsayin ƙwararre a asibitin ƙaramar hukuma ba, sai ya dawo birni ya ƙara cunkoso a inda ake da likitoci.

Sauran kwanakin da suka rage maka a fostin ɗin nan, daina zama a kusurwa. Ka roƙi babban likitan ya ba ka ɗaki da marar lafiya sabo wanda ba wanda ya taɓa gani, ka ɗauki labarinsa kai kaɗai, ka rubuta abu uku da kake zargi da gwaji ɗaya da za ka nema in kuɗin gwaji ɗaya kawai gare shi, sannan ka gabatar. Duk babban da ya zauna gabanka ka auna jininsa ko da ciwon yatsa ya kawo shi, kuma ka ce ya nuna maka magungunan da yake sha. Ka zaɓi mai hawan jini ko mai suga ɗaya, da izininsa ka karɓi lambarsa ka kira shi bayan sati biyu ka ji ko ya sayi maganin, in bai saya ba ka tambayi dalili. In kuma sashen na da asibitin karkara da yake kai ɗalibai kar ka kawo uzurin zama a gari, ka je, ka gaya wa nas ɗin dare ta tashe ka in an kawo mai naƙuda.